Yadda Dagaci Jatau Ya So Ƙetarar da Makaranta

An ce wai mutanen Marken Ruwa sun gina makaranta da hannunsu, firamare da ƙaramar sakandare, suka ɗora wa Dagaci Jatau kula da ita. Dagaci bai yi boko ba, ko takarda aka kawo masa dangwale yake yi. Amma yana da kunne, kuma ba ya gaggawar magana.

Yaran makarantar kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan cikin gari, masu jin ƙararrawa daga tsakar gidansu. Akwai 'ya'yan masunta na ƙetaren kogi, masu zuwa a kwalekwale.

Wata shekara sakamakon jarrabawa ya fito, makarantar ta zo can ƙasa a gunduma. Lissafi ne ya ja ta, kuma yawancin waɗanda suka faɗi 'yan ƙetare ne. Gari ya ɗauki surutu. Alhaji Tanimu mai yadi, wanda ɗansa ke zuwa na ɗaya kullum, ya tara iyaye suka cika zauren Dagaci. Aka kira hedimasta, Malam Sadisu, aka kira Sarkin Ruwa Barmo, shugaban masunta.

Alhaji Tanimu ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wake ɗaya ke ɓata gari, balle mudu guda. Yaran nan kansu na kifi ne, ba na lissafi ba. A sallame su su koma jan taru, makarantarmu ta huta da kunya."

Sarkin Ruwa ya ce, "Kan kifin nan dai, Alhaji, kai kake aikowa a ajiye maka shi duk ranar kasuwa."

Aka yi dariya. Amma Dagaci ya lura dariyar Sarkin Ruwa ba ta kai ciki ba, domin jikarsa Uwani na cikin waɗanda ake son a kora.

Dagaci ya dubi hedimasta. "Malam, ban da lissafi, a me suka faɗi?"

"Babu, ranka ya daɗe. A sauran suna kafaɗa da kafaɗa da kowa."

"Yaushe kuke yin lissafin?"

"Da an shiga aji, tun ƙwaƙwalwa na da sanyi. Haka muka tarar ana yi."

Dagaci ya san kwalekwalen da ke kawo yaran ƙetare shi ne dai ke fita su, wato kamun kifi, da asuba, ba ya juyowa sai an kwashe kifi. Ya kuma san in shi ya faɗa, za a ce yana kare masunta ne. Maganar da mutum ya ji ta fito daga bakinsa shi da kansa ta fi zama masa a ciki.

Can ya ɗago ya ce, "Na ji. Makarantar nan da 'yan gari da 'yan ƙetare aka ɗebi ƙasar gininta. Ta daɗe a wannan gefe, yanzu sai ta je ta gaida wancan. Daga zango mai zuwa a ƙetare za a yi karatu. Sarkin Ruwa zai kafa rumfuna, 'ya'yan gari su riƙa shiga kwalekwale. In shekara ta zagayo, duk yaron da ya faɗi lissafi, ko ɗan wane ne, na sallame shi."

Alhaji Tanimu ya zabura har hularsa ta karkace. "Allah ya ja zamaninka, wannan ai zalunci ne. Kwalekwalen nan ba ya dawowa daga su sai hantsi ya dubi ludayi. Kafin yaranmu su ƙetara an share allo. Ta yaya yaro zai ci abin da ba ya nan aka koyar?"

Dagaci ya tara hannu a kunne. "Maimaita, Alhaji. Kunnena ya tsufa."

Alhaji ya buɗe baki zai maimaita, sai ya ji abin da ya faɗa. Ya rufe bakin. Zaure ya kece da dariya, har da waɗanda ya taro.

Dagaci ya ce, "Ashe kai ma ka sani. To, makaranta ta zauna inda take. Lissafin ne zai tashi. Malam, a mayar da shi bayan an dawo daga hutun tara."

Malam Sadisu ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, a lokacin ƙwaƙwalwa ta yi zafi."

"Ƙwaƙwalwa mai zafi a cikin aji ta fi mai sanyi a tsakiyar kogi."

Haka aka yi. Da shekara ta zagayo, makarantar ta haura sama a gunduma, ba a sallami kowa ba. Uwani ce ta zo na ɗaya a lissafi, ɗan Alhaji na biye da ita. Shi ya sa masu hankali kan ce, kafin ka auna kan yaro, auna hanyar da ya biyo.

Da yamma sai ga Alhaji Tanimu a zaure, da goro a hannu. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yabi ruwan bana, sannan ya sauke murya. "Ranka ya daɗe, yaron nan nawa ya fi gane lissafi da sassafe. Ko za a mayar da shi yadda yake a da?"

Dagaci ya karɓi goron, ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

"Ba za a mayar ba."