Bencin Lado a Ƙofar Masauki

Akwai wasunku, kuma kuna karanta wannan yanzu, da in kuka ji Hausa a titin Jidda sai ku ɗauke kai kamar ba da ku ake ba. An samu iƙama, takardar izinin zama, an rataya katin aiki a wuya, shi ke nan ɗan'uwa ya zama abin kunya. Ba zan kama suna ba. Ku dai karanta.

Akwai wani mutum, Zaharadden Munzali, ɗan Yelwa ta Yawuri, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Jidda. Yaron kirki ne, ba zaginsa nake ba, amma yana da wannan ciwon.

Bara ya kawo mahaifiyarsa Hajiya Mairo umra. Da suka gama da Makka da Madina, saura kwana biyar jirginta ya tashi. Gidansa na Ruwais su uku ne maza a ciki, ba wurin sauke uwa ba ne. Ya ce zai kama mata otal a bakin teku. Ta ce a'a, tsohon gari take so, Balad.

Tana da dalili. Ƙanwarta Fauziyya ta zo umra shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ba ta koma ba. Da farko tana kira, daga baya kiran ya ja baya, sai ya tsaya. A kiran ƙarshe ta ce tana zaune kusa da Bab Makka. Shi ke nan abin da Hajiya ta sani. Kuma da irin ciwon gwiwar da take fama da shi, ta san wannan zuwan ne na ƙarshe.

Suka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, tsohon gida mai hawa uku da aka gina da dutsen teku, tagoginsa na katako sun leƙo kan lungu. Mota ba ta shiga nan. Mai tasi ya sauke su a bakin titi, sai ga wani dattijo da amalanke, gemunsa fari fat. Sunansa Lado. Shi yake tura wa baƙi kaya, kuma mai masaukin, Hamad, ya bar masa benci a bakin ƙofa.

Lado ya ji ƙamshin busasshen kifi daga jakar Hajiya, fuskarsa ta washe.

"Lale, lale! Mutanen gida ne! Sannunku da hanya."

Zaharadden ya gyara katin wuyansa, ya amsa da Larabci. "Shukran. Yalla, yalla."

Hajiya ta amsa gaisuwar, ta kalli ɗanta. Lado ya loda kayan. Ya tura amalankensa.

Washegari Zaharadden ya fita nema, kuma ya yi nema irin na ma'aikaci. Ya buga tsohon hoton Fauziyya a takarda, ya rubuta cikakken sunanta kamar yadda yake a fasfo, da Larabci da Turanci. Ya bi Bab Makka, ya shiga Hindawiyya, kati na lilo a ƙirji. Duk matar da ya gani tana sayar da gyaɗa ko turare sai ya miƙa mata takarda.

"Kin san wannan?"

"Ma a'rif." Ban sani ba.

Wata ma tattara kayanta ta yi ta bar wurin. To me kake jira? Mutanen da rabin rayuwarsu ɓuya ce don ba su da iƙama, ka zo musu da hoto da takarda da kati, su ce maka ga gidanta can?

Kwana biyu yana haka. Ya dawo da yamma ya zube a kujera.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Babu wanda ya san ta. Wataƙila ta bar garin, ko kuma..."

"Kada ka ƙarasa, Auta." Tana zaune a cikin tagar katako, inda take wuni tana kallon masu wucewa. "Ka tambayi mutumin ƙofa?"

"Mai amalanke? Me zai sani?"

"Ni dai tun jiya yake kawo mini ruwan zafi na gasa gwiwa, ban roƙe shi ba. Kai kuwa ya gaishe ka da harshen da na yi maka rawa da shi a goye, ka amsa masa da na kafilinka, ubangidanka Balarabe. Sauka ka gaishe shi."

Ya sauka. Lado yana kan benci yana hura shayi.

"Baba, barka da yamma."

Lado ya waiga hagu, ya waiga dama. "Da ni? Ikon Allah! Ashe Dakta yana jin Hausa. Yaushe ka koya, jiya?"

"Baba, na yi kuskure. Ka yafe mini."

"Halas, ya wuce. Zauna."

Zaharadden ya zaro takardar. Lado ko kallonta bai yi ba.

"Mayar da ita aljihu. Wannan abin wuyan ma cire shi. Tun jiya labarinka ya zaga, an ce ga wani yana bin mata da hoto. Akwai waɗanda ba su fito kasuwa ba yau saboda kai."

"To ya zan yi? Jirgi jibi da yamma ne."

"Ba abin da za ka yi. Zama za ka yi."

"Zama?"

"A nan, kusa da ni. Ka sha shayi, duk wanda ya wuce ka gaishe shi. In ya tambaye ka ɗan wane ne, ka faɗa, har kakanka. A nan ba a neman mutum, yaro. Bari ake ya ji wanda yake nemansa, shi ya yanke shawara. Kuma sunan fasfo ba wanda ya san shi. Kowace mace da sunan ɗanta ake kiranta."

Zaharadden ya kira wurin aiki ya nemi a ƙara masa hutun kwana ɗaya. Washegari tun hantsi yana kan benci. Mai gyaran takalma ya wuce, ya gaishe shi. Wata tsohuwa mai sayar da kunu ta tsaya ta yi masa tambayoyi kamar alƙali: wace unguwa a Yelwa, wa ya haifi uwarka, gidanku yana kallon kogi ko kasuwa? Ya amsa duka. Ta ce "to," ta wuce.

Bayan la'asar lungun ya cika da masu yawon buɗe ido, ana ta ɗaukar hoton tagogi. Cikinsu sai ga Turki, shugaban sashensu a asibiti, da iyalinsa. Ya hango Zaharadden zaune a jikin amalanke, ba kati, kofin shayi a hannu, kafaɗarsa na gogar ta wani tsoho mai silifas ɗin roba.

"Zaharadden? Me kake yi a nan? Wane ne wannan?"

Lado ya sunkuyar da kai, ya fara matsawa gefe don ya ba shi hanya. Ya saba.

Zaharadden ya riƙo hannunsa. "Hada ammi," ya ce. Baffana ne. "Baffa, ga shugabanmu a wurin aiki."

Turki ya miƙa hannu biyu ya gaishe da Lado da girmamawa, suka wuce. Lado ya daɗe yana juya cokali a kofin da ba komai a ciki.

"Shekarata talatin da ɗaya a garin nan," ya ce. "Hau ka tambayi Hajiya, wane saƙo za a kai."

Zaharadden ya zaro ido. "Ka san ta?"

"Ban ce ba. Na ce wane saƙo."

Da ya hau ya tambaye ta, Hajiya ba ta yi dogon tunani ba. "Ka ce mata ban zo tafiya da ita ba. Ban zo tambayarta komai ba. Inna ta yafe mata kafin ta rasu, a kunnena. Kuma ka ce mata gwiwata ba ta hawa bene, in tana da kunya ita ta tako."

Lado ya tafi a ƙafa, ya shige lungu. Ya dawo kafin magariba, ya ce ya isar. Fauziyya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ranar tafiya Hajiya ta sa aka sauko da ita tun safe, ta zauna a zauren masauki tana fuskantar ƙofa. Hantsi ya yi. Azahar ta yi. Hamad ya zo ya ce mai tasi zai iso ƙarfe uku. Zaharadden ya kasa kallon fuskar uwarsa.

Biyu da kwata wata mata ta tsaya a bakin ƙofa, baƙar abaya, leda a hannu. Ba ta shigo ba. Lado ya miƙe.

"Ummu Rayan, bismillah. Gidan ba ya cizo."

Ta ɗaga mayafi. Hajiya ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Fauza. Kin yi ƙiba."

"Yaya, ke kuma kin tsufa."

"Wa ya tsufar da ni in ba ke ba?"

Sai ledar ta faɗi. Fauziyya ta durƙusa ta kifa kai a kan gwiwar nan mai ciwo, Hajiya ba ta ce wayyo ba. Tana shafa bayanta tana cewa, "Ya isa, ya isa, 'yar Inna." Ashe tun ranar da suka sauka Fauziyya ta ji. Gidanta tafiyar minti goma ce daga masaukin. Kunya ta hana ta, ga tsoron mai yawo da hoto.

Minti arba'in suka samu, bayan shekara ashirin da bakwai. Da Zaharadden ya amsa gaisuwa ranar farko, da kwana biyar suka samu. Shi da kansa ya faɗi haka, kuma bai nemi a lallashe shi ba.

Fauziyya ta raka su har bakin titi, tana riƙe da hannun yayarta, suna tafiya a hankali suna gardama a kan wace ce ta fi kama da Inna.

Darasi: Takardar da ke aljihunka ba ta fi gaisuwar da ke bakinka amfani ba. Wanda ka raina don ba shi da iƙama, wataƙila shi kaɗai ya san hanyar abin da kake nema, kuma girman kai yana cin lokacin da ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan'uwanmu na Jidda da na ko'ina. Wanda kuma ya ce bai taɓa jin "sannu" a ƙasar waje ya yi kamar bai ji ba, ga wurin sharhi nan a ƙasa, ya fito ya ƙaryata ni.