Ɗakin Hayar da Mai Tayil Ya Raina

Ranar da na fara ganinsa yana durƙushe a barandarmu yana jera tayil, ni kuma ina bakin taga da littafi. Bai ko ɗago ba ya ce, "Malama, karatu kike ko duba aikina?" Mutumin kirki ne, aikinsa tsaf, sai dai girman kai. Da maganar aurenmu ta taso, ya ce shi ba zai ajiye mata a ɗakin haya ba.

Baba ya ce, "Yaro, a ɗaki ɗaya na fara da uwarta."

"Wancan zamaninku ne, Baba."

Lokacin gari ya cika da matasa, gidajen gado sun yi wa mutane kaɗan, kowa na son ƙofar kansa. Sai hukuma ta gina ƙananan gidaje a bayan gari, ana biya a hankali, ta ce masu iyali za a fara ba.

Na ce masa, "A ɗaura mana, mu kama haya, mu ma mu nema."

Ya ce, "Waɗannan masu kama da akurkin kaji? Bene zan gina miki."

Abokansa da suka yi aure a haya duk suka samu. Shi ya riƙa sa musu tayil, suna tsokanarsa: "Tuzuru, daidaita layin nan, uwargida tana da ido." Kafin ya farga gidajen sun ƙare, siminti ya yi tsada. Ginin benen da ya fara ya tsaya iya taga. Baba ya rasu bai ga aurena ba.

Bayan rasuwar ya kai ni in ga ginin. Akuya na kwance a inda ya nuna.

"Nan ne ɗakin karatunki. Ki ƙara haƙuri."

Na ɗaga kai, babu rufi. Na nemi so a zuciyata, na nemi haushi, ban sami ko ɗaya ba.

Na ce, "Na daɗe ina faɗa a zuci, yau ka ji da kunnenka. Na yi alkawari na daina jira. Wanda ya zo da ɗakin haya da niyya, shi zan aura."

Darasin shi ne, kada girman kai ya sa mutum ya raina ƙaramin farawa. Waɗanda suka yarda da ɗaki ɗaya yau suna cikin gidajensu. Wanda ya ce sai bene, ya rasa gidan, ya rasa wadda zai sa a ciki.