Yadda Damin Jatau Ya Koma "Ɗan Hatsi"

Dalilin da ya sa za ku ga an ajiye wa baƙo akushi cike fal da tuwo, amma a ce masa "ga ɗan abinci", ku matso ku ji, yara.

A da can ba haka ake magana ba. Abin da yake ƙarami kaɗai ake ce wa "ɗan": ɗan tsako, ɗan yatsa, ɗan akuya. Babba kuwa babba ake kiransa, ko da kyauta ce.

A wani ƙauye akwai Jatau da ƙanensa Cindo, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata shekara fara ta sauka a gonar Cindo ta cinye gero tas. Ta Jatau da ke hayin rafi kuwa, ko ganye ba ta taɓa ba. Cindo bai kai kuka wurin kowa ba. 'Ya'yansa suka koma cin tafasa.

Da Jatau ya ji, har ga Allah tausayi ya kama shi. Ya zaɓi damin da ya fi kowanne girma a rumbunsa, ya ɗora wa jaki. Ya tarar da Cindo zaune a ƙofar gida tare da surukinsa da maƙwabta. Maimakon ya shige da damin ciki, sai ya sauke a gabansu, ya ɗaga murya.

"Cindo, ga ƙaton dami na kawo maka! Tun da kake noma ba ka taɓa ɗaure irinsa ba."

Surukin ya sunkuyar da kai.

"Na gode, Yaya," in ji Cindo. "Amma muna da abinci. Ka mayar."

"Wane abinci? Tafasar?"

Cindo ya tashi ya shige gida. Kafin kasuwa ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ba sallama. Damin na nan ƙofar gida har gara ta ci.

Jatau ya bi garuruwa yana cigiya. Wani ya ce an gan shi kudu, wani ya ce gabas. Har furfura ta rufe kansa bai sake ganin ƙanensa ba.

Tun daga nan, in zai ba wani abu, sai ya zaga ta bayan gida, ya sassauta murya, ya ce, "Ga ɗan hatsi, ba yawa."

Ran nan matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, dami guda kake ce wa ɗan?"

Jatau ya ce, "Na taɓa kiransa ƙato, Tabawa. Ƙanena ya kasa ɗauka."

Mutanen gari suka ji maganar, suka riƙe ta.

Shi ya sa har yau, ko rago aka yanka wa baƙo, sai a ce "ga ɗan nama". Ba rowa ba ce, ba kuma ƙarya ba. Ana rage wa kyautar nauyi ne, don mai karɓa ya iya ɗauka bai sunkuyar da kai ba.