Shishar Tuffa da Hancin Nilufar

Nilufar ƙanwar mijina ce, kuma babban aibunta shi ne murɗa magana. Ba za ta yi maka ƙarya kai tsaye ba, sai dai ta lanƙwasa kalma har ta samu ƙofar fita. Ta daɗe da tsanar hancinta, wai yana da tudu irin na babansu. A unguwarmu a Tehran ba abin kallo ba ne mace ta tsaya layin burodi da filasta a hanci, don haka da Nilufar ta matsa, surukata Mama Farida ta yarda a yi mata aiki kafin bikin sabuwar shekara.

Ni na raka su wurin likita, ina riƙe da jaka. Watana bakwai ke nan a gidan, ban saba buɗe baki a gaban manya ba. Likitar, wata dattijuwa, ta jero sharuɗɗa: kwanciya kan matashi biyu, ba fyace hanci, ba sa tabarau. Sannan ta tambaya ko Nilufar tana shan taba. Likitar ta ce taba tana tsuke jijiyoyin jini, fatar kan hanci kuwa in jini bai kai mata ba mutuwa take yi. Mai sha sai ya bari na wata guda kafin aiki, da wata guda bayansa.

Mama Farida ce ta riga amsawa. "A gidana? Allah ya kiyaye."

Nilufar ta ce ko karan sigari ɗaya ba ta taɓa sawa a baki ba. Gaskiya ta faɗa. Amma na san duk Alhamis tana gidan shayi da ƙawayenta suna zuƙar shisha, don ni nake wanke mayafinta, ina jin ƙamshin hayaƙin a jikinsa.

Da muka koma gida na same ta a kicin, na yi mata maganar a hankali. Dariya ta yi.

"Matar Yaya, ashe kina da baki? Taba aka tambaye ni. Shisha tuffa ce da ruwa. Je ki duba shinkafarki kar ƙanzon ya ƙone."

Ta ƙara da cewa in Mama ta ji za a fasa aikin, kuma ta san wadda za ta kama. Na ji tsoron a ce amarya ta shigo da haɗa uwa da 'ya faɗa. Don haka ban faɗa wa Mama ba.

An yi aikin lafiya. Ƙasan idanunta ya kumbura ya yi shuɗi, ni nake ɗora mata ƙanƙara, nake ba ta romo da cokali. A kwana na biyar, Mama ta tafi kasuwa sayayyar biki, sai ƙawayen Nilufar biyu suka zo dubiya da wata doguwar jaka. Suka hau saman bene tare da ita. Ina shanya, ƙamshin tuffa ya sauko mini.

Ranar da aka cire filastar, kan hancin ya yi baƙi kamar busasshen lemun tsami. Likitar ta daɗe tana dubawa. Ta sake yin tambayarta, Nilufar ta sake ba da amsarta. Sai likitar ta juyo gare ni.

"Ke da kike jinyarta, me take sha?"

Na ce shisha. Mama Farida ta nemi kujera ta zauna.

Likitar ta ce abin da ake zubawa a kan shisha taba ce aka kwaɓa da zaƙi, kuma da an faɗa mata tun farko, ɗage aikin kawai za ta yi. Yanzu sai an kankare fatar da ta mutu, a yanko wata daga bayan kunne a liƙa, tabon kuma ba lalle ya ɓace ba.

Bikin ya zo, baƙi suka cika falo, Nilufar tana ɗaki da labule a sake. Na zaci za ta zage ni. Ina canza mata bandeji ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Me ya sa ba ki tona ni ba tun ranar farko?"

Na ci gaba da naɗa mata bandejin.

Mai karatu, idan likita ya tambaye ka, amsa abin da yake nufi, kada ka fake da kalmar da ya yi amfani da ita, domin jikinka ba ya jin wayon baki. Kai kuma da ka san gaskiyar da za ta ceci wani, faɗe ta tun tana da amfani, ko da zai yi fushi da kai.