Gishirin da Gizo Ya Ɓoye a Randa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Zaki ya ba Bushiya ajiyar dunƙulen gishiri uku. Ya ce in ɗaya ya ɓata, miya za a yi da ita. Maƙwabcinta kuwa Gizo ne.

Yau dunƙule ɗaya ya ɓace. Gobe ɗaya. Jibi ta ɗaga faifai, wayam.

Bushiya ba ta yi kuka ba. Ta zuba ido. Sai ta lura kullum Gizo yana shigowa roƙon ruwan sha, alhali randarsa cike take. Ta ce a ranta, mai randa cike, me ya haɗa shi da tulun wani?

Ta shiga gidansa.

Gizo ya ce, "Inna Bushiya, zargina kike? Bismilla, duba."

Ta duba rumbu, babu. Ta duba ƙarƙashin gado, babu. Ta duba jinka, babu.

Ta zauna daɓas. "Na gaji. Ɗebo mini ruwa a randarka."

"Ai na magani ne, Inna."

"Maganin me?"

"Ciwon baya."

"To sha mu gani."

Gizo ya sha moɗa ɗaya, ya yi murmushi. Ya sha ta biyu, ido ya kawo ruwa. Ya sha ta uku, ya ce, "Garɗi."

Bushiya ta kamfato ruwan a kasko, ta ɗora a murhu, ta tsare bakin ƙofa. Ruwa ya tafasa, ya bi iska. Gindin kasko ya yi fari fat. Ta lasa.

"Gizo na Ƙoƙi, maganinka ya ji gishiri."

Ta zura hannu cikin randa, sai ga dunƙule na uku kwance, ko rabi bai narke ba.

Ta ce, "Ruwa ma ya ci biyu ya ƙoshi. Kai ne ba ka ƙoshi."

Ta sa shi fura wuta, tana dafa ruwan a kasko, har randa ta ƙafe. Ta kankare gishirinta, ta kai wa Zaki.

Gizo kuwa ƙishirwar nan ba ta sake shi ba. Shi ya sa har yau kuke ganin saƙarsa a bayan randa. Abin da ya narke bai ɓata ba, yara, ɓuya ya yi.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa kasko.