Maɓallin da Ba Ya Kashe Murya

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, sana'arsa haɗa sauti a wani ɗakin taro. Yayan matarsa ne manajan wurin, shi ya ɗauko shi daga zaman kashe wando ya ba shi aikin. A faɗi gaskiya, mutumin gwani ne.

Kun san makirufon nan marar waya: ɗan kai a maƙale a wuyan riga, da ɗan akwati a aljihu mai aika murya zuwa teburin sauti. Kafin kowane taro sai ya zauna ya saita akwatin. Ya sa sabon batir. Ya nemo tashar da ba ta karo da ta kowa. Mai babbar murya ya rage masa ƙarfi, mai magana ciki-ciki ya ƙara masa. Ba a taɓa jin lasifika ta yi kukan nan mai tsaga kunne a taronsa ba.

A saman akwatin akwai maɓalli guda. Ka tura shi, muryarka ta yanke. Shi ne mutuncin mai magana: zai yi tari, zai amsa waya, zai shiga bayi, sai ya tura.

To, a cikin saitin akwatin akwai inda ake kashe aikin maɓallin nan. An yi shi ne don kada wani ya taɓa shi bisa kuskure ana tsakiyar jawabi. Mutuminmu ya gano masa wani amfanin. Ya kashe maɓallin, ya yi gum. Da ya hango hannun mai magana ya nufi aljihu, sai shi ya sauke muryar daga teburinsa. Lasifika ta yi shiru, mai magana ya saki jiki ya fita. Amma muryar tana nan tana zuba a abin da mutumin ya toshe kunnensa da shi.

Me ya rasa da zai yi haka? Ba yunwa ba ce. Daɗin jin asirin mutane ne kawai, da daɗin zama wanda ake kewayewa a majalisa. Ya ji shugaban ƙungiya yana lallashin matarsa. Ya ji malamar makaranta tana kuka a bayan ƙofa. Duk ya kwashe ya kai wa abokai, har da kwaikwayon murya.

Wata rana manajan da kansa ya ɗaura makirufon. Ana cikin taro likitansa ya kira, ya tura maɓalli ya fita baranda. Aka gaya masa cutar da ke cikinsa ta yi nisa. Ya roƙi likitan: "Don Allah kada tsohuwata ta ji. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Mutuminmu ya ji komai. Ko hawaye bai zo masa ba, lissafin kujerar manaja ya fara.

Ba a daɗe ba ma'aikata suka shirya taron karrama manajan. Aka kawo mahaifiyarsa a keken guragu, aka ajiye ta a sahun gaba, 'yarta, wato matar mutumin, tana gefenta. Ɗaki ya cika. Mutumin ya maƙala makirufon a rigarsa ya ɗaga murya a tebur, ya zagaya ɗakin yana gwaji. Sai wayarsa ta yi ƙara, abokinsa ne. Ya shige bayan labule, ya tura maɓallin, kamar yadda ya ga kowa yana yi.

Wa ke zaune a teburin da zai sauke masa murya? Babu kowa.

Lasifika huɗu suka ɗauka tar, don shi ya saita su: "Wace karramawa, ai bankwana ake yi! Likita ya ce ya gama yawo. Tsohuwar ce kaɗai ba ta sani ba, tana can gaba tana washe baki. Ka bari kawai, kujerar tawa ce."

Ya yi dariya. Ita ma dariyar ta fita.

Da ya ɗaga labule, ba wanda ya zage shi. Tsohuwar tana riƙe da hannun ɗanta tana cewa, "Gaskiya ne? Kai nake tambaya, gaskiya ne?" Manajan ya durƙusa a gabanta. Matar mutumin ta dube shi sau ɗaya, ta tura keken uwarta suka fita. Ba ta koma gidansa ba.

Daga nan kowa ya fara tuna ranar da ya tura maɓallin nan, da abin da ya faɗa bayan ya tura. Aiki ya tafi. Sauran ɗakunan taro suka ji labari. Wa zai yarda wannan hannu ya sake maƙala masa wani abu a wuyan riga? Har abokan majalisar, in ya doso sai hira ta mutu.

Ya 'yan uwa, wannan mutum ya fi kowa sanin cewa maɓallin ba ya aiki, shi ya kashe shi da yatsansa. Amma zunubi in ya zama jiki, mantuwa yake sa mai shi. Ya yaye wa mutane sutura, ranar da ya nemi tasa bai samu ba. Duk wanda aka ba amana, ko ta ɗan akwati ce a aljihu, za a tambaye shi. Kunne amana ne, harshe amana ne. Kuma akwai Mai ji wanda babu maɓallin da ke yanke murya daga gare Shi.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na 'yan uwanmu. Allah ya kiyaye mu da sharrin kunnuwanmu da harsunanmu. Amin.