Lambun Malam Tanimu da Hanyar Ruwa

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, sunansa Malam Tanimu. Bai mallaki komai ba sai lambun mangwaro da mahaifinsa ya dasa a kwarin yamma da gari. Da shi yake ciyar da iyalinsa.

Garin nan kuwa duk damina sai ruwa ya shige shi, ya rusa katangu, ya jiƙa rumbuna. Wata shekara gwamnati ta ware tallafi domin garuruwan da ambaliya ta addaba, bisa sharaɗi guda: mutanen gari su zauna da kansu su amince da inda za a haƙa magudana, kafin damina ta kankama. In sun kasa daidaitawa, tallafin ya wuce gari na gaba.

Aka taru a ƙofar gidan dagaci. Injiniyan da aka turo ya ce hanya biyu ce kawai: ko ta cikin lambun Tanimu, ko ta unguwar masu ginin tukwane, inda sai an rushe ɗakunansu.

Ku saurara da kyau, 'yan'uwa. Masu ginin tukwanen nan yawancinsu tsofaffin mata ne da waɗanda mazansu suka rasu, kuma ranar taron sun kai kayansu kasuwar wani ƙauye. Babu mai magana da yawunsu.

Sarkin pawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare. Yumɓu ko'ina akwai shi. Mangwaron Tanimu kuwa, wa ya taɓa shan irinsa?"

Aka yi dariya, aka ce haka ne. Tanimu ya ji wani sanyi a ransa, domin shi ma ɗan Adam ne. Sai ya tuna da Gwaggo Kande, babbar masu ginin, wadda ƙafafunta suka daina kai ta nesa. Ya miƙe.

"Allah ya ba ka nasara, waɗanda ake yanke wa hukunci ba sa nan. Ni ina nan. A bi ta lambuna."

Dagaci ya ce, "Malam, diyya ba za ta tsayar maka da bishiya ko ɗaya ba."

Ya ce, "Na sani. Amma ba wanda ke kwana a cikin lambu."

Da ya koma gida, matarsa Lantana ta ce, "Malam, kowa ya je taro ya dawo da abinsa, kai ka je ka kyautar da tuwon gidanmu?"

Ya nuna randar da ke tsakar gida ya ce, "Wa ya gina wannan? Da na yi shiru, da wace fuska zan sha ruwanta?"

Ranar da aka sare itatuwan, bai iya tsayawa ya gani ba. Amma matan unguwar masu ginin tukwane sun zo. Lokacin mangwaro ne, suka tsince ƙwallayen kaf, suka shuka su a tukwanen da suka tsage wajen gashi a wuta, suna ba su ruwa kamar jarirai.

Damina ta zo da ƙarfin da ba a saba gani ba. Jama'a suka tsaya a bakin magudana suna kallon ruwa yana bin hanyarsa zuwa kogi. Ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba. Gari ya ɗauki kabbara.

Sai Gwaggo Kande ta sa aka ɗauko tukwanen. Aka yi gayya, aka dasa tsiron a gefe biyu na magudanar domin saiwarsu ta riƙe ƙasa, dagaci kuma ya shaida a gaban kowa cewa duk bishiyar da ta tashi ta Tanimu ce. Shekarun farko sun yi wa gidansa wuya, ba zan ɓoye muku ba. Amma da itatuwan suka fara 'ya'ya, sun ninka na mahaifinsa. Lantana takan ce, "Malam, yaushe za a sake taro?"

'Yan'uwa, wanda ya tsaya wa wanda ba ya nan, Allah ba ya barin sa ya taɓe. Mu duba kanmu. Sau nawa muka karkatar da kwatar gidanmu zuwa ƙofar maƙwabciya don ta yi tafiya? Sau nawa a taron unguwa muka ɗora nauyi kan wadda ba ta zo ba? Idan aka zauna shirin damina a bana, ki tuna da wadda ba ta samu zuwa ba, ki zama bakinta. Allah ya sa mu cikin masu adalci a bayan ido.